Burodin Riɗi Ya Ƙi Tashi

Tambaya: Anti, maigidana na da ciwon suga, an hana shi burodin fulawa. Na kwaɓa garin riɗi da yis, amma ya fito kamar dutse. Ina na kuskure? Daga wata ƙanwarki, wani ƙauye kusa da Maigatari.

Amsa: Ƙanwata, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba shi lafiya. Yis abu ne mai rai, suga yake ci ya fitar da iska, garin riɗi kuwa sugansa kaɗan ne. Ki jiƙa yis ɗin a ruwa mai ɗumi da ƙaramin cokali 1 na zuma, ki jira minti 10 ya yi kumfa. Kada zumar ta tsorata ki, yis ne zai cinye yawancinta. Ruwan zafi kashe shi yake.

Sai dai riɗi ba shi da danƙon alkama da ke riƙe iskar. Ni ƙwai 3 nake fasawa a kofi 2 na gari, in barbaɗa ɗan garin busasshiyar kuɓewa saboda yauƙinta. Da hunturu ki rufe kwaɓin kusa da murhu. Ki gasa a tukunya mai yashi, gawayi kaɗan a kan murfi. Ba zai kumbura kamar na kanti ba.

In maigidanki yana shan magani, ku sanar da likita tukuna, kada suga ya faɗi.