Tambaya da Amsa: Yadda Masu Sauya Jinsi Zuwa Mata Suke Kallon Jikinsu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibar koyon aikin jinya ce, kuma a wani darasi an yi mana bayanin mutanen da aka haifa maza amma suke rayuwa a matsayin mata. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda suke kallon jikinsu. Shin dukkansu ne suke neman tiyata, kuma su ne muke kira mata-maza? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba su ne mata-maza ba, domin mata-maza, wato khunsa a littattafan fiƙihu, shi ne wanda halittar al'aurarsa ta zo da ruɗani tun haihuwa, alhali waɗanda kike tambaya a kansu jikinsu na namiji ne cikakke, sai dai abin da suke ji a ransu ya saɓa da shi. Kada kuma ki haɗa su da 'yan daudu, waɗanda galibi lamarinsu ya tsaya ga salon magana da tafiya da sana'ar girki. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan yanayi daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa, ta mayar da shi babin lafiyar jima'i.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa hankalinsu duka yana kan al'aura. Da yawansu abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne abin da idon jama'a yake gani: gemu da murya da zakaran wuya da faɗin kafaɗa. Ki kwatanta wanda ya aske fuska da asuba ya shafe ta da hoda, amma kafin la'asar kaushin gashi ya sake tsirowa, ga shi kuma da ya buɗe baki a motar haya sai kowa ya waiwayo. Maganin da likitoci suke ba su, wato sinadarin mata da ake kira estirojin tare da mai danne sinadarin maza, yana fito da nono a hankali cikin shekara biyu zuwa uku, ya tausasa fata, ya kai kitse ƙugu da cinya, amma ba ya sirantar da muryar da ta riga ta buɗe, ba ya rage ƙashi, kuma ba ya kawar da gemu sai an bi saiwar gashin da na'ura.

Batun tiyata kuwa ya danganta da ƙasa da al'ada. A Barazil akwai waɗanda ake kira travesti, kuma da yawa daga cikinsu ba sa son a taɓa al'aurarsu ko kaɗan, burinsu shi ne ƙugu da mazaunai irin na mata. Saboda tsadar asibiti, sukan je wurin wasu masu allura da ake kira bombadeira, waɗanda suke ɗura musu wani ruwa mai kauri da ake kira silikon, irin na masana'antu, a cikin ɗaki da ƙatuwar allura, sannan su toshe hujin da gam. Wannan ruwa ba ya zama wuri ɗaya, yakan gangara zuwa ƙafafu, ya jawo kumburi da ruɓewar nama, kuma idan ya shiga jini ya kai huhu yana iya kisa. A ganina nan ne hatsarin ya fi muni, ko da yake an fi yayata labarin tiyata.

A Iran kuma lamarin ya sha bamban, domin tun a shekarun 1980 Ayatullah Khomeini ya ba da fatawar halasta tiyatar bayan da Maryam Molkara, wadda aka haifa namiji amma take rayuwa a matsayin mace, ta kai masa kukanta, har hukuma takan sauya wa mutum takardun shaida, sai dai masu suka suna cewa ana matsa wa wasu su yi abin da ba su nema ba. Mafi yawan malaman Sunna kuwa ba su yarda da tiyata ba sai ga mata-maza, domin a daidaita halittar da ta zo da ruɗani.

Tunda aikin jinya za ki yi, idan irin wannan majinyaci ya zo gabanki, ki tambaya cikin sirri da mutunci ko yana shan estirojin ba da iznin likita ba, ko yana shan taba, domin haɗuwar biyun tana ƙara hatsarin daskarewar jini a jijiya, sannan ki tabbatar ko an taɓa ɗura masa wani abu a mazaunai kafin ki yi masa allura a wurin.