Zaman hunturu a Puerto Vallarta: abin da za ka tarar

Malam, ka tambaya yadda zama yake a Puerto Vallarta ta ƙasar Meziko daga Disamba zuwa Fabrairu, da irin bukukuwan da za ka riska. Lokacin rani ne a can, rana da ɗumi, dare da ɗan sanyi, kuma a watannin ne manyan kifayen teku da ake kira whale ke shigowa gaɓar Banderas, inda garin yake, don haihuwa.

Daga 1 zuwa 12 ga Disamba unguwanni kan yi jerin gwano zuwa cocin Guadalupe, ana kaɗe-kaɗe ana harba tartsatsin wuta tun da asuba, don haka kada ka kama ɗaki a tsakiyar gari idan barcinka ba nauyi. Daga 16 zuwa 24 kuma ake posadas, inda maƙwabta ke bi gida-gida da kyandir, yara su fasa tukunyar alewa. Ranar 6 ga Janairu ake yanka burodin rosca, wanda ya tsinci 'yar tsana a yankinsa shi zai ciyar da jama'a tamales, wato ƙullun masara da ake turarawa cikin ganye, ranar 2 ga Fabrairu.

A nan ne baƙi Musulmi suka fi yin kuskure, domin galibi da kitsen alade ake kwaɓa tamales, har da soyayyen wake. Ka riƙa tambaya ko akwai "manteca", wato kitsen alade, kafin ka ci, ni dai kifi na fi dogara da shi.

Batun izinin zama, iyakarsa ga baƙo kwana 180 ne, amma jami'in shige da fice ke rubuta adadin, saboda haka ka tuntuɓi ofishin jakadancin Meziko kafin ka sayi tikiti.