Amsa: Corolla 2004 mai shan baƙin mai, ringi ko canjin inji?

Salam ɗan'uwa. Na ga ka ce Corolla ɗinka ta 2004 tana shan baƙin mai tana hayaki, makaniki ya ce ko a sa ringi (zoben fistin) ko a ɗauko inji ɗan Beljiyam (na hannu da ake shigowa da shi daga waje). To kar ka yi gaggawa tukuna.

Duba hayaƙin. In shuɗi ne kuma da safe kawai yake fita in ka tayar da ita sannan ya ɗauke, yawanci robar bawul ce ta bushe, aiki ne ƙarami. In kuwa kullum yana bin ka a hanya musamman in ka taka totur, to ringi ne, kuma a nan ne mutane ke tafka asara, don za a sa maka sabon ringi a silinda da ta riga ta cinye, bayan wata 3 ka dawo gidan jiya. A auna silindar kafin ka sayi komai.

In injinka samfurin 1ZZ ne, sarƙar taimin gare shi ba bel ba, kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan canjin bel ɗin taimin.

Ni dai ra'ayina, ringi, gasket, filogi da fampon ruwa sababbi ake saye, filogin kuma Denso ko NGK, amma jabu sun cika kasuwa wallahi, kwalin ma ya fi na asalin kyau. Kwayil (mai ba filogi wuta) da kikstata (mai tayar da inji) kam ɗan Beljiyam ya fi sabo mai arha ƙarko. In za ka kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ka tafi da tsohon kayan da aka cire a hannunka, ka kuma sa a rubuta maka garanti ko na sati 2 ne a rasit.