Rana ta riga ta faɗi tun kafin mu ga faɗuwarta?

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗan lakwal ne a nan Damagaram. Mushenmu, wato malaminmu na boko, ya ce hasken rana sai ya yi minti 8 a hanya kafin ya iso mu. Ke nan ranar da muke gani tana faɗuwa ta jima da faɗuwa? Ya halatta in sha ruwa minti 8 kafin magariba?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, mushenku gaskiya ya faɗa, amma hukuncin da ka ɗora a kai bai zauna ba.

Haske tafiya yake yi, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Tsakaninmu da rana kuwa kusan kilomita miliyan 150 ne, shi ya sa yake cin minti 8 da daƙiƙa 20. Hasken farin wata kuwa bai kai daƙiƙa 2 ba. Kuma a miƙe yake tafiya. Shiga zaure da hantsi ka tura ƙyaure, ka dubi hasken da ya ɓullo ta ƴar ƙofa, ƙura na yawo a cikinsa, ya miƙe sak kamar igiyar da aka ja. Ibnul Haisam, masanin ilimin haske haifaffen Basra, da irin wannan ɗaki mai duhu ya yi bincikensa shekara 1,000 da ta wuce. Ilimin nan ba baƙo ba ne a gidanmu, kada ka ji tsoronsa.

Ga inda ka zame. Ba rana ce take gangarawa ba, ƙasa ce take juyawa da mu. Hasken yana kwararowa ba yankewa, kamar ruwan indararo. Lokacin da ƙasa ta juya ta kare maka shi, lokacin ne rana ta faɗi a wurinka, komai daɗewar da ya yi a hanya.

Akwai dai wani abu da yake faruwa da gaske. Iskar da ta lulluɓe duniya tana tanƙwara haske, yadda ludayi yake bayyana a karye cikin ƙwaryar ruwa, sai a ci gaba da ganin rana kamar minti 2 bayan lissafi ya ce ta ɓuya. Wannan ma bai canja komai ba, domin shari'a da ganin ido ta rataya hukunci. Allah ya ce a cika azumi zuwa dare, a Suratul Baƙara aya ta 187. Annabi (SAW) kuma ya ce, a hadisin Umar da Buhari da Muslim suka ruwaito, idan dare ya gabato daga nan, yini ya ba da baya daga nan, rana ta faɗi, to mai azumi ya sha ruwa.

Don haka bai halatta ka rage ko minti ɗaya ba. A mazhabar Malikiyya, wanda ya ci yana shakkar faɗuwar rana sai ya rama ranar. Ka ƙara kula lokacin hazo, da inda duwatsun unguwar Birni suke kare yamma: ɓacewar rana a bayan dutse ko cikin ƙura ba faɗuwa ba ce. Jira ladan.

Wallahu a'alam.