Tambaya da Amsa: Ko ɗaliba za ta iya aikin taimakon shari'a kafin ta zama lauya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni 'yar Nima ce, ina aji uku a sashen koyon shari'a na Jami'ar Ghana da ke Legon. Ina son in riƙa zuwa kowace Asabar wata cibiya da ke taimakon marasa ƙarfi kan matsalolin shari'a kyauta, amma mahaifina ya ce ɓata lokaci ne, wata ƙawata kuma ta ce doka ta hana ɗalibi ba da shawara. Mene ne gaskiyar lamarin?
Mai karatu daga Nima, Accra

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Maganar ƙawarki tana da tushe. Dokar aikin lauya ta 1960 ta keɓe tsayawa wa mutum a kotu da shirya masa takardun shari'a don a biya ga waɗanda aka rantsar a matsayin lauyoyi kaɗai, kuma ke sai kin gama digiri, kin kammala karatun ƙwarewa irin na makarantar lauyoyi da ke Makola, sannan a rantsar da ke. Saboda haka kada ki sa hannu a takarda da sunan lauya, kada ki karɓi ko sisin kowa, kada kuma ki yanke wa mutum cewa zai yi nasara. Duk abin da za ki yi, ki yi shi ƙarƙashin lauya mai lasisi, in kuwa cibiyar ba ta da shi, ki nemi wata.

Sai dai aikin da ya rage miki ba kaɗan ba ne. Sashe na 294 na kundin tsarin mulkin 1992 ya tanadi taimakon shari'a ga mabuƙata, an kuma kafa Hukumar Taimakon Shari'a da dokar 2018, amma mutanenmu na zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi, da yawa ba su san da ita ba, wanda ya sani kuma Turanci kan tsaya masa a wuya. Na sha ganin dattijuwa ta zo da takardunta ƙunshe a leda, rasitan haya sun yi laushi saboda ninkewa, tana ta kame-kame a gaban lauyan da ba ya jin Hausa, har sai wata ɗaliba ta matso ta ce, "Sannu Hajiya, faɗa mini daga farko." A nan ne maganar ke fitowa: mai gida ya nemi kuɗin shekara 2, alhali dokar haya ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da na wata 6 a gaba ba. Saurare, jera labarin bi da bi, da miƙa shi ga lauya a tsare, rabin aikin ke nan.

Inda za ki fi amfani, a ganina, shi ne aure da gado. Dokar auren Musulmi ta 1907 ta ce a yi rajista cikin mako guda da ɗaurin aure, kuma kaɗan ne daga cikinmu suke yi. Haka nan idan mutum ya rasu bai bar wasiyya ba, a kotu dokar gado ta 1985 ce ke aiki, rabonta kuma ya bambanta da na Musulunci. Mai bayyana wannan da harshen gida, ba tare da raina malamai ko sarkin zango ba, ita ake nema. Ki kuma haddace cewa wanda 'yan sanda suka tsare dole a kai shi kotu cikin awa 48 in ba a sake shi ba, domin iyaye mata za su yi ta tambayarki.

Abin da na fi ji miki tsoro shi ne riƙon sirri. Nima unguwa ce da kowa ya san kowa, matar da ta yi kuka a gabanki ranar Asabar za ki iya haɗuwa da kishiyarta a gidan suna ranar Lahadi. Ko mahaifiyarki kada ta ji, idan kuma maganar ta shafi danginku, ki gaya wa lauyan ki janye.

Shi kuwa Baba, tsoronsa kada karatunki ya samu tangarɗa ne, don haka kada ki yi jayayya da shi. Ki nuna masa jadawalinki, ki ɗauki rabin yini kawai, ki yi alkawarin dakatawa lokacin jarrabawa, sannan ki roƙi lauyan da zai kula da ke ya zo gida ya gaishe shi.