Yadda muke yi da baƙo a Gadarif

Ɗan'uwa ka ce wai mu Hausawan Sudan ba ma tsoron a buɗe boda ɓarayi su kwararo mana, to ai mu kanmu kakanninmu da ƙafa suka zo, wasu hanyar Makka ce ta ajiye su, wasu Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, ba mai ko fallen takarda a aljihu.

Ku can kuna da ECOWAS, kwana 90 ba biza. Mu abin da muke da shi yarjejeniyar 2004 ce da Masar, hurriyat arba'a ake ce mata, wato 'yanci huɗu: shiga da fita, zama, aiki, mallakar dukiya. Ko ita ɗin ma ba a cika ta duka ba, mata da yara da dattawan da suka haura 50 ne a da ke wucewa ba ta'ashira, wato biza. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, watan Yuni sai Masar ta ce kowa sai da biza wai ana buga ta jabu. Wallahi goggona mai ciwon ƙoda wata biyu ta yi a Wadi Halfa, garin bodar Masar, tana kwana kan tabarma tana jira, ƙarshe 'ya'yanta suka haɗa kuɗi suka ba masu tahrib, fasa-ƙwaurin mutane kenan, aka ɗora tsohuwa a bayan boksi, motar a-kori-kura, an ɗaure ta da igiya kar ta faɗo, aka keta sahara da ita har Aswan ta Masar. Da can wa zai biya su? Rufe ƙofar ne ya buɗe musu kasuwa.

Su kuma shifta, 'yan fashin Habasha, da ke kore shanu suna sace manoma a Fashaga lokacin yankan riɗi, ban taɓa jin sun bi layi a bodar Gallabat an buga musu hatimi ba.

Mu namu tsarin daban ne. Baƙo ba ya kwana a unguwa sai an san mai masaukinsa. Bayan magariba ana fito da tire ƙofar gida, a ci tare, ana zuba shayi dattawa na tambaya a hankali, ɗan gidan wa, ta ina ka biyo, wa ka sani a Maiwurno ko Kasala. Ba a tsare shi da ido, amma kafin kofi na biyu an gane. Da safe mai masauki ya kai shi gaban shehun unguwa ya ce ni ne daminsa, mai tsaya masa, in akuya ta ɓata ƙofarsa za a fara bugawa. Ni kaina bara na tsaya wa wani ɗan Zinder, har ya tafi barcina rabi da rabi ne.