Ƙungiyoyin agaji a Bauchi: ina kuɗinsu yake zuwa?

Tambaya: Wani mai karatu daga Azare ya rubuto cewa: "Malam, kullum muna ganin fararen motocin ƙungiyoyi suna wucewa, muna kuma jin ana bita a otal. Shin suna ƙara wa tattalin arzikin jiharmu wani abu, ko dai shan shayi ne kawai?"

Amsa: Malam, suna ƙarawa, kuma shan shayin ma yana cikin lissafi. Je ka duba ranar da ake bitar kwana uku a wani otal a cikin garin Bauchi. Mai otal ya samu, matar da aka ba kwangilar abinci ta yi cefane a kasuwar Wunti, mai buga takardu ya buga allon taro, mahalarta daga Misau da Ningi sun karɓi kuɗin mota. Ko bitar ta yi amfani ko ba ta yi ba, wannan wata magana ce daban, amma kuɗin dai ya sauka a gari.

Mafi nauyi shi ne albashi. Ƙungiya mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC ba ta biyan harajin riba a kan tallafin da take samu, amma dole ta cire harajin albashin ma'aikatanta, kuma wannan haraji asusun jiha yake shiga, ba na tarayya ba. Ka haɗa da hayar ofis da gidaje, da direbobi, da masu gadi, da matasan da ake ɗauka na ɗan lokaci su shiga ƙauyuka tattara bayanai. Bauchi ta daɗe tana cin wannan moriya. Hukumar USAID ta Amurka ta gudanar da shirin lafiya na TSHIP a Bauchi da Sakkwato daga 2009 zuwa 2015, ta kuma gudanar da shirin NEI Plus na koyar da yara karatu da Hausa. UNICEF ma tana da ofishin shiyya a nan, ko da yake ita ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce, ta hannun ƙananan ƙungiyoyi take gudanar da wasu ayyukanta.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. A watan Janairun 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, zuwa Yuli kuma USAID ta daina aiki. Duk wanda albashinsa ya dogara da irin wannan kuɗi ya san cewa kwantiragi ne mai wa'adi, kuma ba a Bauchi ake yanke hukuncin sabunta shi ba.

Inda nake ganin mutane suna kuskure shi ne ɗaukar masu farar mota su kaɗai a matsayin ƙungiyoyi. Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ƙungiya ce. FOMWAN ta mata Musulmi, da aka kafa a 1985, ita ma haka. Ga ƙungiyoyin coci-coci, ga na ci gaban gari da 'yan asalin ƙauye suke haɗawa su gyara rijiya ko su biya wa marayu kuɗin jarrabawa. Dubi ranar Babbar Sallah kawai: 'yan agaji cikin kakinsu suna bi gida-gida suna karɓar fatun layya, a tara a sayar, kuɗin ya tafi ginin masallaci ko makaranta. Malaman Islamiyya da ake biya daga irin wannan asusu ma'aikata ne, ko da alawus ɗin bai taka kara ya karya ba.

Wannan ɓangare ne ya fi wuyar aunawa, domin yawancinsa aikin sa-kai ne da sadakar da ba ta da rasit. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana ware wa irin waɗannan ƙungiyoyi layi a lissafin abin da ake kashewa a ƙasa baki ɗaya, amma gumin ɗan agajin da ya wuni yana tsare layi a asibiti ba ya shiga wannan lissafi, tunda ba a biya shi ko kwabo ba.